Ina mai sauraro zai zauna? Gardamar Turawa kan tsohon faifai, da kasetocinmu da ke ruɓewa a Zango



A shekarar 2023 wani faifan kiɗa na Turawan Ingila ya cika shekara 50 da fitowa. Sunansa The Dark Side of the Moon, na ƙungiyar makaɗan nan Pink Floyd, ya kuma fara shiga kasuwa a watan Maris na 1973. Don bikin cikarsa, sai aka ɗauko tsofaffin zarurrukan da aka naɗi kiɗan a kansu, aka sake haɗa sautin yadda zai riƙa zuwa wa mai sauraro ta gaba da baya, ta dama da hagu, har ta saman kansa. Masoya faifan kuwa suka koma kan gardamar da suka daɗe suna yi duk lokacin da aka taɓa shi: wasu na cewa yau ne suka fara jinsa da gaske, wasu na cewa an shiga gonar da ba ta kowa ba.

Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Mu da ke Nima da Mamobi muna fama da kuɗin haya da na wutar lantarki, ina ruwanmu da musun masu ƙoshi? Ina roƙon a yi mini haƙuri a karanta. A ƙarƙashin musun nasu akwai tambayoyi biyu, kuma duka sun shafe mu. Ina ya kamata mai sauraro ya zauna? Wa ke da ikon taɓa sautin da wani ya bari a baya? Ta farkon mun fi su saninta. A ta biyun sun tsere mana nesa ba kusa ba, domin su sun adana abin da za a taɓa.

Irin kiɗan da ake magana a kai ya taso ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da wasu samarin makaɗa suka gaji da waƙar minti uku. Ni nakan kira shi rok mai dogon zango, domin waƙa ɗaya takan cinye fuskar faifai sukutum. Ƙungiyar Yes tana da wadda ta haura minti 18 a faifanta Close to the Edge na 1972. Kiɗa ne na zama a kasa kunne, mai yawan sauya taki, mai kayan kiɗa barkatai. Tsawon nan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Wanda ya taɓa zama ya saurari Bakandamiyar Shata ya san waƙa na iya yin tafiyar yini.

Ga yadda ake naɗarsa. A ɗakin naɗar sauti, kowane abin kiɗa yana da layinsa a kan faffaɗan zare: ganga da layinta, jita da nata, muryar mawaƙi da nata. Faifan Pink Floyd ɗin nan an naɗe shi ne a ɗakin Abbey Road da ke Landan, a kan na'ura mai layi 16. Bayan an gama sai ma'aikacin sauti ya zauna ya matse layukan nan su koma biyu, ɗaya na lasifikar dama, ɗaya na ta hagu. Shi ne abin da ake kira sitiriyo. A wannan matsewar dole a yi zaɓi: a ɗaga wannan, a sassauta wancan, wani ma a binne shi har sai mai kunne sosai zai tsinkayo shi.

Wannan aiki na gane shi sarai, domin ɗan'uwan aikina ne. Shekaru ina zama gefen mai gida da alƙalami idan ana taron dattawa. Mutum goma sha biyu a zaure, wani na magana, wani na gyaran murya don a san bai yarda ba, biyu na raɗa a kusurwa, wani tsoho ya yi shiru irin shirun da ya fi magana nauyi. Ni kuwa takardata layi ɗaya take ɗauka a lokaci ɗaya. Abin da na rubuta gaskiya ne, amma zauren ya fi shi faɗi. Wanda ya karanta bayan shekara 20 zai ɗauka haka taron ya gudana, bi da bi, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gama. Faifan sitiriyo shi ma rahoton magatakarda ne.

Makaɗan Pink Floyd sun ji wannan ƙuncin tun da wuri. A ranar 12 ga Mayu 1967, a wani wasa da suka yi a zauren Queen Elizabeth Hall na Landan, sun kafa lasifikoki a kusurwoyin zauren, da wata na'ura mai sanda da ake juyawa sauti ya zagaya kan jama'a. A farkon shekarun 1970 kamfanoni suka yi yunƙurin kai wannan gidajen mutane, da tsarin lasifika huɗu. Yunƙurin ya mutu, don kowane kamfani ya fito da nasa salon, CBS da nasa, Sansui da nasa, JVC da nasa, faifan wannan ba ya bayar da cikakken sautinsa a na'urar wancan. Amma kafin ya mutu, Alan Parsons, ma'aikacin sautin da ya naɗi faifan, ya yi masa haɗi na lasifika huɗu. Ƙarar agogunan da ke buɗe ɗaya daga cikin waƙoƙin ma, shi ya naɗo ta a wani shagon tsofaffin kaya don gwajin wannan tsari.

Da faifan ya cika shekara 30 a 2003, sai ƙungiyar ta ba James Guthrie aikin sabon haɗi na lasifika biyar da ta shida mai gurnani. Ba a kira Parsons ba, shi kuma bai ɓoye cewa abin ya sosa masa rai ba. Daga nan masu sauraro suka rabu. Akwai masu son haɗin Parsons, don ya fi ƙarfin hali: yakan jefa abin kiɗa can bayan ƙeyarka ya bar shi a wurin. Akwai masu son na Guthrie, don ya fi natsuwa kuma bai yi nisa da sitiriyon da suka saba da shi ba. Akwai kuma waɗanda suka ce duka biyun ɓata lokaci ne, faifan da suka saya suna samari shi ne faifan, saura ado ne na neman kuɗi. A 2011 aka fitar da haɗin Parsons da na Guthrie cikin akwati guda, kowa ya zaɓa. Irin wannan musu ya bi aikin Steven Wilson, wanda tun 2009 yake sake haɗa faya-fayan King Crimson, daga baya da na Yes da na Jethro Tull.

To, ga inda na tsaya. Masu cewa kiɗa daga gaba kaɗai ya kamata ya zo, kamar yadda ake kallon dandamali, ina ganin ba su taɓa tsayawa a babban titin Nima ranar Sallah ba. Ka tsaya a bakin titin da la'asar, sa'ad da sarakunan Zango ke wucewa da jama'arsu. Algaita na tsaga iska a gabanka. Gangunan wata tawaga da ta riga ta wuce suna dusashewa ta hagu, na wadda ke tafe suna ƙaruwa ta dama, kuma na ɗan lokaci taki biyu da ba su san da juna ba sukan haɗu a ƙirjinka. Makaɗan Dagomba na matsa lunga a hammata, tana hawa tana sauka kamar mai magana. Guɗar mata na saukowa daga saman bene. Kofaton doki na dukan kwalta a ƙasa, yaro na kuka a bayanka. Babu wanda ya zaunar da kai a gaban wannan kiɗa. Kana cikinsa tsundum, idan ka juya kanka ya juya.

Haka kiɗan Hausa yake tun asali. Maroƙi ba ya kafewa wuri ɗaya, zagaya taro yake yi, yana kai kirari kunnen mai shi. Mawaƙi ya ja baiti daga tsakiya, 'yan amshi su karɓa daga gefe, mai kalangu ya tako ya durƙusa gaban wanda ake wasawa. Tazarar da ke tsakanin mai ja da masu karɓa wani yanki ne na waƙar. Kai, ko makarantar allo da muka yi, wa zai manta da ita? Yara talatin, kowa da inda allonsa ya kai, murya ta kowace kusurwa, malam na zaune a tsakiya yana tsinto kuskuren yaro ɗaya daga can ƙarshen tabarma ba tare da ya ɗaga kai ba. Kunnen ɗan Adam an halicce shi da sanin wuri. Sauti yakan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma da wannan 'yar tazara, haɗe da bambancin ƙarfi da lanƙwasar kunne, ƙwaƙwalwa ke gane inda abu yake. Dabarar da ke cikin tsarin Dolby Atmos idan an saurare shi da abin sawa a kunne, wanda Apple Music ya kawo wa wayoyi a 2021, kwaikwayon wannan take yi. Abin da Bature ke kashe kuɗi ya saya, muna samunsa kyauta sau biyu a shekara.

Sai dai masu ƙin taɓa tsohon faifai ba su rasa hujja ba, kuma hujjar tasu mai nauyi ce. Wanda ya binne wani sauti a 1973 wataƙila da gangan ya binne shi. Idan wani ya zo bayan shekara 50 ya tono shi ya ɗora a gaba, ya sauya maganar mutanen da wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Mu da muka tashi a kan littattafan hannu mun san wannan damuwa. Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, ta hannun masu kwafa suka yaɗu. Mai kwafa na ƙwarai yakan rubuta sunansa a ƙarshen takarda, idan kuma yana da sharhi ya sa shi a gefe, ba ya cusa shi cikin baitin malam. Wannan ladabin nake nema ga mai sake haɗa sauti. Ya yi haɗinsa, ya sa sunansa da shekara, ya bar na farkon yana nan inda kowa zai same shi. Abin da zan ƙi shi ne a wayi gari sabon haɗi ya maye gurbin tsoho a waya ba tare da an gaya wa kowa ba, yaro ya tashi yana zaton abin da kakansa ya ji ke nan.

Kada kuma a ɗauka wannan kiɗa baƙo ne gare mu ɗungurungum. A 1969, a Landan, Teddy Osei ɗan Kumasi da ƙanensa Mac Tontoh da mai ganga Sol Amarfio suka kafa Osibisa, tare da Lasisi Amao ɗan Najeriya da makaɗa uku daga tsibiran Karibiyan. Faya-fayansu biyu na farko, Osibisa da Woyaya, sun fito a 1971, Tony Visconti ne ya kula da naɗarsu, kuma giwayen nan masu fukafukai da ke bangonsu zanen Roger Dean ne, mutumin da daga baya ya shahara da zana bangon faya-fayan Yes. Shi ya sa masu tara faya-fayan rok mai dogon zango kan ajiye Osibisa a kanta ɗaya da su Yes. A shekarar dai, ranar 6 ga Maris, aka yi babban wasan Soul to Soul a dandalin Black Star da ke nan Accra, wadda kakanninmu ke kira Ankara, inda Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka hau dandamali. Duk wanda ya saurari Osibisa zai ji ganguna da ƙahoni na amsa wa juna kamar mutanen da ke zaune da'ira. Kiɗan da'ira ne aka matse shi cikin lasifika biyu. Mac Tontoh ya rasu a 2010, Sol Amarfio a 2022, Teddy Osei a Janairun 2025.

A nan ne abin ke ci mini rai. Turawan nan suna da damar yin gardama ne saboda zarurrukan nan masu layi 16 suna nan a ajiye, kowane abin kiɗa a layinsa, an rubuta suna da kwanan wata a jikin kwali. Wasu zarurrukan na shekarun 1970 sukan yi danƙo, sai an gasa su a hankali cikin zafin da bai wuce ma'auni 50 da 'yan kai ba kafin su yarda su juya. Suna yin wannan wahala don sun san darajar abin. Su ma sukan yi asara, gobarar da ta tashi a ma'ajin kamfanin Universal a Amurka a 2008 ta cinye ɗimbin zarurrukan asali. Amma asarar mai rumbu daban take da ta wanda bai taɓa gina rumbu ba.

A ƙasarmu, dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 ta ɗauki sama da shekara biyu, ta karya harkar kiɗan dare, makaɗa da dama suka watse zuwa Najeriya da Jamus. Abin da ya tsira, mutane ƙalilan ne suka tsirar da shi da guminsu. Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, ya bar taskar sauti a Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon, cibiyar da a shekarun 1960 ta tattara littattafan hannu na malamanmu. Farfesa John Collins ya tara nasa a gidan Bokoor, ambaliyar Oktoban 2011 ta shiga ta yi ɓarna. Gidan rediyon GBC, wanda Hausa na cikin harsunan da ya daɗe yana watsa shiri da su, yana da ɗakin faya-fayan garmaho da aka yi aikin mayarwa kwamfuta.

Zango fa? Ku shiga ɗakunan iyayenku ku duba ƙarƙashin gado. Za ku tarar da kwali ko tsohuwar jaka cike da kaset: kiɗan auren wata gwaggo, naɗin wani sarki, kalangun wani makaɗi da unguwa kaɗai ta san shi, muryar tsohuwa tana ba da labarin yadda suka taso daga arewa. Yawancinsu ba rubutu a jiki. Fumfuna ta ci wasu, zafin kwano ya narka wasu, waɗanda ke gidajen bakin babban kwalbatin da ya raba Nima da Mamobi kuwa damina ɗaya ta isa ta gama da su. Akwatin da ke hannuna na zaurenmu, cikin kaset uku da na gwada a bara ɗaya ce ta yi magana, ita ma muryar kamar daga ƙasan rijiya. Sa'an nan aka zo zamanin waya, muka ɗauka an huta. Waya kuwa ta fi kaset saurin tafiya: ta faɗa ruwa, ko a fizge ta a tasha, ko a sayar da ita a Circle, shi ke nan shekara biyar ta bi ta.

Wani abin takaicin shi ne abin da muka mayar da sauti mai kewaye a bukukuwanmu. A toshe lungu da rumfa, a jibge lasifika huɗu ko shida masu tsayin mutum, a murɗa har ƙarshe. Wannan ma ta kowane gefe yake zuwa, amma abu ɗaya ne yake zuwa ta ko'ina, ba kusa ba nesa, ba mai ja ba mai karɓa. Na halarci wani suna da aka gayyato mai kalangu dattijo, aka manna masa makirfo a bakin fata. Kalangu kuwa abin kiɗa ne mai lallashi, hikimarsa tana cikin matsawa da sassautawa. Abin da ya fito daga lasifika kamar ana dukan garwa. Dattijon ya yi baiti biyu ya rataya kalangunsa, aka mayar da waƙar waya. Jarirai na kwance a tsakar gidan, masu jinya na maƙwabta, kuma kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Maƙwabtanmu Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kowace shekara gabanin bikin Homowo, mukan yi ta gunaguni. Ni dai a watan nan ne nakan ji muryar mai tallan koko daga lungu na uku.

Samarinmu ba su rasa fasaha ba. Unguwar da ta fitar da VIP, ta kuma saba cika titi da jama'a a wasan Sallah, tana da yara masu haɗa kiɗa a kwamfuta cikin ɗaki ɗaya, waɗanda suka san layi da haɗi fiye da yadda na bayyana a nan. Su nake kira. Idan Sallah ta zo, kada mutum ɗaya ya ɗaga waya sama ya naɗi hayaniya. Ku zama huɗu ko biyar. Ɗaya kusa da mai algaita, ɗaya wajen masu ganga, ɗaya gefen mata, ɗaya can nesa inda ake jin titin gaba ɗaya. Wani ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a farko, don a sami wurin daidaita naɗe-naɗen daga baya. Kowane naɗi a bar shi daban, kada a haɗe su a goge na asali, domin wanda zai zo bayan shekara 50 da na'urar da ba mu san irinta ba, waɗannan rarrabun zai nema. A nemi izinin makaɗin, a rubuta sunansa da na ubangidansa da garin da iyayensa suka fito, da rana da wuri. Kada a dogara ga abin da aka tura ta WhatsApp, don yakan matse bidiyo ya rage ingancinsa, sai dai a tura a matsayin takarda. A ajiye kwafi biyu a gidaje biyu, a kuma tuntuɓi taskar Legon a kan na uku.

Kasetocin ƙarƙashin gado kuwa ba za su jira Sallah ba. Wanda yake da su ya fito da su daga ƙasa ya ɗora bisa kanta, nesa da kwano da danshi. Kafin a sa ko ɗaya a rediyo, a zaunar da mafi tsufa a gidan ya faɗi abin da yake tunawa game da kowace ɗaya, a rubuta a takarda a ɗaura mata da roba. Mai gida ya amince a riƙa karɓarsu a zaure ranar Asabar bayan la'asar, ni zan riƙe littafin rajista, kowace kaset da lambarta da sunan mai ita, kuma za ta koma hannun mai ita bayan an juye.